Kacalla a Kabarin Elizabet

Alkawari ɗaya tak Elizabet ta nema wajen mijinta kafin ta rasu, kuma in ka ji shi a baki ba wani mai nauyi ba ne. Cewa ta yi duk inda za a sa ta, kada a bari ruwa ya kwanta a kanta. Bernard ya ce ta daina irin wannan magana, ta ce ita dai ya amsa mata. Ya amsa.

Ya san inda maganar ta samo asali. Shekarar da ruwa ya ci Gombe, wajen shekara ashirin ke nan, shi yana can Kaltungo wurin wani gini, ita kuwa tana ɗakinsu na haya a Herwagana da 'yarsu Millicent, lokacin yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. Ruwa ya shigo ta ƙofa, ya shigo ta taga. Elizabet ta hau tebur, ta ɗora yarinyar a wuya, ta tsaya ruwa na lasar haɓarta har maƙwabta suka fasa kwanon rufi suka zaro su. Tun daga ranar, ko wanka za ta yi ba ta zuba ruwa a ka sai ta dafa bango. In hadari ya haɗu kuwa, sai kowa ya kama kansa a gidan, don ba ta da sauran fara'a sai an ɗauke ruwa.

A watan Maris ta rasu, ana tsakiyar zafi. Maƙabartar cocinsu tana can bayan unguwar Arawa, inda gari ya fara ƙarewa, a kan wata gangara. Saman gangarar ya cika da kaburbura tun tuni, kusurwar ƙasa kaɗai ta rage. A gindin gangarar akwai wani ƙaton kududdufi, ramin da masu yin titi suka ɗebi ƙasa suka tafi suka bari. Ranar da za a haƙa kabarin sai da Bernard ya auna da ƙafarsa, daga wurin zuwa bakin ruwa taku tamanin cif. Hankalinsa ya kwanta. Birkila ne shi, shekara arba'in yana jera bulo a garin nan, saboda haka bai bar kowa ya taɓa aikin ba. Shi ya gina, shi ya shafe, shi ya zuba gicciyen siminti, ya rubuta sunanta da ƙusa tun simintin na ɗanye.

Abin da bai kula da shi ba ita ce kacalla. In ba ka san ta ba, wata ciyawar ruwa ce mai dogon ganye, ta fi mutum tsawo, da kai irin na zangarniyar gero, wanda in ya bushe sai ya fashe iska ta yi ta yawo da shi kamar auduga. Da babu ita a wurin. Wasu suka ce tsuntsaye ne suka kawo ta, wasu suka ce a tayar tifa ta zo. Ko ma wa ya kawo ta, bai kyauta ba. Ta ci gefen kududdufin, ta kuma cushe kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, wanda a da shi ne ke kwashe rarar ruwa ya kai kwari. Ruwa ya rasa hanyar fita, sai ya fara hawa gangara.

Daminar farko Bernard ya ga abin da ya hana shi cin abinci. Kullum da safe sai ya hau keke daga Herwagana ya je ya kafa tsinke a bakin ruwan, washegari ya tarar tsinken ya nutse. Taku tamanin ya koma arba'in, ya koma ashirin. Ranar da aka ɗauke ruwan ƙarshe, taku shida ya rage tsakanin ruwan da ƙafar Elizabet. Ya tsaya a nan ya sha alwashin ba za a sake haka ba.

Da rani ya yi, mutanen unguwa suka yi abin da suka saba yi wa duk wata ciyawa da ta dame su, suka cinna mata wuta. Ta ci bal-bal, yini guda ana hayaƙi, kowa ya koma gida yana cewa an gama da ita. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, Malam Hamman, mai lambun alayyahu a ɗaya gefen kududdufin. Bafulatanin Dadin Kowa ne, siriri, mai ɗingishi, ya yi shekara goma yana yankan kacalla a magudanan noman rani kafin ƙafa ta sallame shi. Bernard ne ya taɓa ɗaure masa bakin rijiya, tun daga nan suke gaisawa, yana kiransa Birkila. Hamman ya dubi tokar ya ce aski aka yi mata, aka kuma ba ta taki. Bai yi ƙarya ba, ko wata ba a yi ba ta tofo kore shar, ta fi da kauri.

Ya zaunar da Bernard a gindin mangwaro ya yi masa bayani. Ya karya ganye ɗaya ya nuna masa cikinsa, duk ƙananan ramuka. Ya ce ta nan saiwar take shan iska. In ka yanke ta a sama da ruwa, ko ka ƙone ta, hancinta yana waje, ba ka yi komai ba. Sai ka jira ruwa ya cika, ka shiga, ka yanke ta can ƙasa kusa da laka, yadda ruwa zai rufe kututturen. In ta sake leƙo kai ka sake yankewa, sau biyu, sau uku. Ba kashe ta ake yi da ƙarfe ba, nutsar da ita ake yi.

Bernard ya saurara har ƙarshe, don yana da kunya, amma maganar ba ta shige shi ba. Bai iya ruwa ba, kuma zama da Elizabet ya sa shi ma ya tsane shi. Ban da haka, aikin da ba ka ganin hannunka a ciki, a wurinsa ba aiki ba ne. Ya ce shi magini ne, ba masunci ba, zai yi abin da ya iya.

Da ma Hamman na nan a watannin da suka biyo baya, da labarin bai zama haka ba. Amma wansa ya kwanta ciwo a Dadin Kowa, ya bar lambun a hannun maƙwabci ya tafi, ya yi wata uku. A cikin wata ukun nan ne Bernard ya ɗauko diga da shebur da baro, ya sauka inda ruwa ya janye, ya shiga tono kacalla tun daga tushe. Da ya ɗago curin farko sai ya tsaya yana juya shi a hannu. Baƙar laka ce mai danƙo, saiwoyi sun saƙe ta ciki da waje, ka jefar da ita a ƙasa ba ta warwatsewa. Wallahi sai da ya ji daɗi. Ya tuna yana yaro a ƙauyensu wajen Billiri, yadda ake zuba ciyawa a ƙasar gini a tattake da ƙafa, don katangar da aka yi da laka zalla ba ta shekara. Ga shi nan an kwaɓa masa, an zuba ciyawar, kyauta. Kuma kowa ya san Gombe, gari ne na yashi, ruwa ɗaya sai ya ɓalle maka bayan gida ya tafi da shi. Mutumin Gombe ba ya zubar da ƙasar da ke riƙe kanta.

Sai ya ga aiki ɗaya zai yi masa amfani biyu. Zai rage kacalla a bakin kududdufin, kuma abin da ya tono zai tare ruwa da shi. Ya ja igiya, ya kafa turaku, ya fara jera curin lakar nan yadda ake jera tubali, yana dannawa da ƙafa. Ya zagaye kusurwar ƙasa gaba ɗaya, kabari tara har da na Elizabet. Zumuntar maza ta coci suka zo Asabar biyu suka taya shi. Kafin bikin Ista ginin ya kai masa ƙirji, faɗinsa mutum ya yi tafiya a kai. Mutane suka sa masa suna ganuwar Maman Milli, yadda ake kiran Elizabet.

Hamman ya dawo cikin Afrilu. Bernard ya ja shi ya nuna masa, yana ta murmushi. Hamman ya bi ganuwar daga wannan kai zuwa wancan. Can ya sa yatsa ya ɓanɓaro wani ɓangare, ya ciro saiwa, ya kankare ta da farce. Waje ta bushe ƙayau, ciki kuwa fara sol, da ɗan ido a jiki.

Ya ce, "Birkila, ba gini ka yi ba. Shuka ka yi."

Ran Bernard ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wata biyu rana na dukan lakar nan, me ya rage a ciki da zai tsira? Hamman ya ce ya taɓa ganin saiwar da ta shekara a kan tudu ta tofo da ruwan farko. Bernard ya ce wasu mutane dai ba sa iya ganin aikin wani su yaba. Maganar ta yi wa Hamman zafi, ya jefar da saiwar ya ɗingisa ya koma lambunsa. Daga ranar gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Damina ta biyu ta zo, kuma gaskiya ganuwa ta yi aikinta. Ruwa ya hau fiye da bara, ya zo ya jingina da ita har rabi, ko gezau. Dattijo Fredrick, shugaban kwamitin maƙabarta, ya tashi a sujadar coci ya yaba wa Bernard a gaban jama'a. Bernard ya sunkuyar da kai, amma zuciyarsa fara tas. Ya cika alkawari.

Sai dai ganuwar da ta hana ruwan kududdufi shiga, ita ce ta hana ruwan sama fita. Duk abin da ya gangaro daga saman maƙabarta sai ya zo ya kwanta a bayanta, iya idon sawu, bai kai ya hau kan kaburburan ba, bai kuma bushe ba. Bernard yana kwashewa da bokiti, ana sake zubawa. Kacalla kuwa babu abin da take so a duniya irin wannan. A watan Yuni ganuwar ta yi kore daga kai har gindi. Ya sa adda ya share. Bayan mako guda inda ya yanke ɗaya biyu suka fito. Ya sake sharewa. A watan Yuli ta sauko daga ganuwar ta shiga tsakanin kaburbura, ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya, sai dai kawai ka ga ta ɓullo a inda jiya babu komai.

Millicent, wadda yanzu nas ce, tana aure a unguwar Federal Low-Cost, ta ga ubanta na ramewa ta sayo masa maganin feshi. Ya fesa. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, suka ce an samu sa'a. Mako uku ta dawo. Abin da ya mutu bai dawo ba su ne kwaɗi da 'yan tarwaɗar kududdufin, waɗanda suka taso ciki sama suna wari, ga shanun mutane na shan ruwan. Hamman ya tsaya a bakin lambunsa yana kallo. Kunya ta hana Bernard sake fesawa.

Kafin ƙarshen Satumba ba ka ganin kabari ko ɗaya a kusurwar ƙasa. Kacalla ce tsaye, ta fi mutum, tsuntsaye na ta hayaniya a ciki. Bernard ya yanka wata 'yar hanya zuwa wurin Elizabet, kullum yana sabunta ta. Wata safiya ya tarar simintin da ya shafe da hannunsa ya tsage, tun daga gindin gicciye har tsakiya, wani tofo mai tsini ya leƙo ta tsagar, daidai ƙarƙashin sunanta. Ya zauna a cikin lakar ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Da rani ya dawo da diga. Ya tona tsakanin kaburburan, ya bi saiwa ɗaya yana ja, yana tonawa, har ya ga ta shige ƙarƙashin bulon da ya jera wa matarsa ta yi ƙasa. Nan ya ajiye digar. Ya san in ya ci gaba abin da zai tarar.

Iyalan sauran kaburbura takwas ɗin ba su yi shiru ba, kuma wa zai ga laifinsu? Wani ya je ziyara ya yi karo da maciji. Wasu suka ce kacallar ta fara hawa layi na gaba. Kwamiti ya zauna bayan sujada, aka kira Bernard. Dattijo Fredrick mutum ne mai sanyin magana, bai ɗora masa laifi a fili ba, amma kowa a ɗakin ya san wa ya shuka ta. Ya ce sun yanke shawara, in damina mai zuwa ta wuce za a kawo katafila ta kankare kusurwar gaba ɗaya, ganuwa da kacalla da siminti, a zuba jar ƙasa a daddanne, wurin ya zama tudu. Ba za a taɓa waɗanda ke kwance ba, amma alamar kabari ba za ta rage ba. Za a rubuta sunaye tara a allo ɗaya a kafa a gefe. Bernard ya roƙi a ba shi daminar nan ya gwada. Dattijo ya ce ai katafilar ma ba ta shiga sai ƙasa ta bushe, yana da har Nuwamba.

Bernard ya yi kwanaki yana kai-kawo kafin ya taka zuwa lambun Hamman. Ya yi sallama, suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ƙafa. Hamman bai tayar da tsohuwar magana ba, ya dai matsa masa a kan tabarma. Bernard ya ce ya zo a faɗa masa gaskiya, akwai abin yi ko babu?

Hamman ya ce akwai, kuma shi ne wanda ya faɗa tun farko. Ruwan da ke bayan ganuwa ya yi kaɗan, ba zai nutsar da komai ba. Sai an jira Agusta kududdufi ya cika maƙil, a fasa ganuwar, ruwa ya shiga ya rufe kusurwar duka, sannan a bi kacallar a yanke a ƙasa.

Bernard ya ce, "Ya rufe har kaburburan?"

"Har su."

"Kwana nawa?"

"Arba'in. Zai iya fi."

Bernard ya tashi ya yi godiya ya tafi. A hanya ne ya gane inda aka kai shi. In ya naɗe hannu ya bar katafila ta zo, wurin zai zama tudu, ruwa ba zai taɓa kwanciya a kan Elizabet ba har abada. Alkawari ya cika, ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Sai dai babu kabari, nata da na mutum takwas da ba su ci ba su sha ba. In kuwa yana son kaburburan su tsira, to shi da hannunsa zai buɗe wa ruwa hanya ya hau kanta.

Millicent ta zo gida ta same shi a kan maganar. Ta ce sauran iyalan duk sun yarda a gwada hanyar Malam Hamman, shi kaɗai ake jira, don ba wanda zai taɓa ganuwar in ba da yawunsa ba. Ta ce ita ce fa aka ɗora a wuya ranar, ta fi kowa sanin tsoron uwarta, amma wanda ya mutu ya gama jin tsoro.

Ta ce, "Baba, Mama ba ta cikin ramin nan. Tana wurin Ubangiji."

Ya ce, "Na sani. Amma ba Ubangiji ne ya yi mata alkawarin ba, ni ne."

Yuni ya wuce, Yuli ya wuce, bai ce e ba bai ce a'a ba. Yana dai zuwa kullum ya share 'yar hanyarsa. Ruwa ya hau ya kusa kai bakin ganuwa. Hamman ya aiko masa cewa in aka wuce tsakiyar Agusta, ruwan ba zai daɗe yadda ake so ba. Ya yi kamar bai ji ba. A ransa ya riga ya karkata ga katafila, ko da yake bai faɗa wa kowa ba, kuma yana jin kunyar kansa.

Wata Lahadi da rana, yana fitowa daga cikin kacallar da adda a hannu, ya tarar da Jummy tsaye a gefe. Matar marigayi Gilbert ce, wani direban tanka da ya rasu wata biyar bayan Elizabet, kuma Bernard ɗin ne ya gina masa kabari. Tana riƙe da 'yan furannin roba, ta sa takalmin coci, tana duban ciyawar nan da ta fi ta tsawo. Ta gaishe shi da ladabi. Ba ta yi masa ƙorafi ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi yau shekara biyu cif, ba za ta iya shiga ba, tana so ta yi addu'a daga nan.

Ta ce, "Baba, ta ina yake? In fuskanci wajen."

Bernard ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya tsaya a sama. Hagu da na Elizabet ne, ko layin baya? Shi ya auna, shi ya jera bulon, amma ya dubi kacallar nan ya rasa. Ya nuna wani wuri dai. Ta gode, ta juya ta fuskanci inda ya nuna, ta rufe ido. Ya tsaya yana kallonta tana yi wa mijinta addu'a, alhali bai tabbata ko ciyawa kawai ya nuna mata ba. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba.

Washegari da hantsi ya zo da diga. Ya biya ta lambu ya ce wa Hamman ya fito da laujensa. Bai kira zumuntar maza ba, bai gaya wa Millicent ba. Ya hau ganuwar, ya zaɓi daidai ƙafar Elizabet, inda ya fi ba ganuwar kauri, ya fara sara. Ginin ya yi ƙarfi, kai, ya yi ƙarfi, saiwoyi sun ɗaure shi tamau, sai da ya yi fiye da awa guda. Da farko ruwan ya silalo siriri ta bakin digar. Sai ya ci gefe da gefe, ya buɗe wa kansa ƙofa, ya shiga da ƙarfi yana kwantar da ciyawa.

Hamman ya ce ya sauko ya zauna a gindin mangwaro har ya gama cika. Ya ƙi. Ta 'yar hanyar da yake sharewa ana hango kabarin, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya zagaye bulo. Ya hau kan simintin, ja, da kumfa da tarkace. Ya shiga tsagar. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ya cike su, sannan ya rufe. Ya kama gicciye yana hawa, har ya tsaya ɗan ƙasa da hannuwan gicciyen.

Bernard ya ce, ba da ƙarfi ba, "Maman Milli, ni ne. Ba wani ba ne, ni na buɗe."

Sannan ya tuɓe riga ya karɓi lauje ya shiga. Ruwan ya kai masa ƙirji, ƙafarsa na nutsewa a laka. Hamman na bisa ganuwa yana faɗa masa, ya kama ganyen ya bi shi da hannu har ƙasa, ya yanka inda ya ji laka. Duk wanda ya ɗago Hamman sai ya duba gindin ya ce bai isa ba, ya ƙara ƙasa. Da ya ga abin ba zai yiwu da baki ba, sai ya naɗe wando ya shigo da gurguwar ƙafarsa, suka jeru. Matsattsaku suka manne musu a cinya. Ganyen na yanka hannu, ruwan na shiga ciwon. Suna yanka suna turawa gefe, suna jidowa can kan tudu inda ba za ta sake samun laima ba.

Tofon da ya fito ta tsagar kabarin, shi Bernard ya bari ƙarshe. Ya zama babban tushe, kuma a tsaye hannunsa ba ya kai gindinsa. Hamman ya ce ya bari shi ya yi. Bernard ya girgiza kai. Ya dafa gicciyen, ya ja numfashi, mutumin da ko a rafin ƙauyensu bai taɓa sa kai a ruwa ba, ya nutse. Duhu ne a ciki da sanyi, kunnuwansa suka toshe. Ya lalubo simintin, yatsunsa suka faɗa cikin rubutun da ya yi da ƙusa, ya bi shi har ya kai ga tushen, ya sa lauje ya ja. Ya ɗago yana tari, yana haƙi, riƙe da gicciyen. Abin da ya faɗa wa Hamman shi ne, ashe haka ta ji.

Labari ya kai coci, maza suka zo suka taya su zagaye na biyu da na uku. Bernard bai fasa zuwa ko rana ɗaya ba. Zazzaɓi ya kama shi, Millicent ta yi masa allura ta yi faɗa, washegari ya koma. Kututturen suka ruɓe a ƙasa, wurin ya yi wari, tofon ya riƙa raguwa har ya daina fitowa. Ruwan ya fara ja a watan Oktoba. Ranar da simintin Elizabet ya fito, kwana hamsin da uku ke nan, Bernard bai ɓata ko ɗaya ba a ƙirga.

Kaburbura tara suka bayyana cikin baƙar laka, babu ganye ko ɗaya. Dattijo Fredrick ya zo ya zagaya ya ce ba sauran maganar katafila, kuma kwamiti zai sa a riƙa yanke kacalla a bakin kwalbati duk damina. Jummy ta sami kabarin Gilbert, yana layin baya, can dama, ba inda aka nuna mata ba.  Mutane suka yi ta yi wa Bernard sannu da aiki, yana amsawa.

Da kowa ya watse ya rage shi da Millicent. Ya wanke simintin, ya kwaɓa sabo ya cike tsagar. A jikin gicciyen ruwa ya bar zane, baƙi-baƙi, ya goga da buroshi bai fita ba. Millicent ta ce za ta kawo fenti a shafe. Ya ce a bar shi.

Ya miƙe da ƙyar, ya taka zuwa ƙasan kabarin, inda ya fasa ganuwa, tsakanin ƙafar Elizabet da kududdufin. Ya auna tsawo da ƙafarsa, ya auna faɗi, ya kafa tsinke a kusurwa huɗu. Millicent ta tambaye shi me kuma zai gina.

Ya ce, "Ba gini ba ne. In lokacina ya yi, nan za ki ce a sa ni. Kada ki bari su kai ni sama, ko da wuri ya samu."

Ta ce ai nan ne ya fi ko'ina gangara, duk shekarar da kwalbati ya toshe nan ruwa zai fara zuwa.

Ya ce, "Shi ya sa. In ya zo, ya fara da ni."